Hannun Baba Hudu

Shafi na 23

Jama'a, tun jiya wayata ba ta huta ba, kowa tambayarsa ɗaya: me za a yi da Baba Hudu? Har wata baiwar Allah ta ce in na bari aka kore shi ba za ta yafe mani ba. To, ku gyara zama. Wanda yau ya fara shigowa kuma, ga inda muka kwana. Shekarar 1961 ce, ana aikin hanyar Dutsin-Ma zuwa Kurfi. Baba Hudu, babban maginin kwalbati, ya ɗauki ƙarfe daga bakin wutar maƙeri da hannunsa, ya riƙe yana ta magana, bai san yana ƙonewa ba sai da mutane suka ji ƙauri.

*

Tun daga nesa Mamuda ya san yau ba lafiya.

Ba ƙarar diga, ba ta shebur, ba waƙar masu jidar tsakuwa. Leburori na zube a gindin marke, kowa ya rungume gwiwa. Randar ruwan sha an kifar da ita, moɗar kuma an wurga ta can cikin ƙaya.

Ya jingine kekensa jikin rumfar kwanon da yake kira ofis. Shi ne malamin ma'aikata na wannan kwangila. Shi ke ɗaukar mutum aiki, shi ke ba da hutu, shi ke raba faɗa, shi ke kai wanda ya ji ciwo asibiti. In kuma za a sallami mutum, daga bakinsa ake ji.

"Salamu alaikum."

Amsar ta fito a sanyaye, kamar ta masu zaman makoki.

Sodangi ne ya miƙe. Shi ne heluma, wato shugaban leburori, ƙato mai murya kamar ganga.

"Malam Mamuda, mun yanke shawara."

"Ina jin ka, Heluma."

"Ba mai taɓa shebur sai an sallami Hudu."

"Ya zo yau?"

"Ina zai zo? Ai ya san abin da muka gani. Wuta ta ci tafin hannun mutum har ƙauri ya tashi, shi yana ta labari! Malam, kai ma ka san sunan wanga ciwo. Kar ka sa in faɗe shi da safiyar Allah."

Wani daga baya ya faɗa masa.

"Kuturta ce!"

Wurin ya ɗauki guna-guni.

Sodangi ya ƙara ɗaga murya. "Moɗa ɗaya muke sha da shi. Kwano ɗaya muke sa hannu. Muna da 'ya'ya, Malam!"

Mamuda ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda bai san gidansu ba a cikinsu. Ya san mai jego, ya san wanda mahaifiyarsa ke kwance. Bai ga mugunta a fuskar kowa ba. Tsoro ne zalla.

"Na ji ku," ya ce, "kuma ban ce tsoronku na banza ba ne. Amma Heluma, ran da rami ya rufta da Ɗanjuma a Dabawa, wa ya shiga ya tono shi?"

Ɗanjuma, wani siririn saurayi da ke gefe, ya sunkuyar da kai.

Sodangi ya ce, "Alheri daban, cuta daban."

Kafin Mamuda ya ba shi amsa, sai ga ƙugin mota. Alhaji Rabe ne, mai kwangilar, attajirin hatsi na Dutsin-Ma da ya shigo harkar hanya bayan samun 'yancin kai. Ko gaisuwar leburorin bai tsaya amsawa ba. Ya yafito Mamuda da hannu, suka shige rumfa.

"Labari ya iske ni tun a masallaci. Sallame shi."

"Alhaji..."

"Leƙa ka dubi gabas. Ka ga abin da ke haɗuwa can? In ruwan farko ya sauka ban rufe kwalbatin nan ba, rafi zai kwashe wahalar rani gaba ɗaya."

"Allah ya ba ka nasara, mutumin nan tun yaushe yake yi maka gini?"

"Kar ka kawo mani wannan. Na san Hudu tun kana goye. Shi ya gina mani rumbunana na ƙauyen Kuki. Kana zaton ni dutse ne? Amma ba zan tsayar da jama'a guda saboda mutum ɗaya ba. Ka je ka ce na gode, ka ce Allah ya ba shi lafiya, shi ke nan."

"Ba zan iya yanke masa hukunci ban gan shi ba."

Alhaji ya cire hula ya share zufa, ya dube shi da kyau.

"Mamuda, kwas ɗin nan na Zariya, na koyon sha'anin ma'aikata, da kake mafarkinsa dare da rana, wa ya ce zai ɗauki nauyinka?"

"Kai ne, Alhaji."

"To ni mai aiki nake son turawa, ba mai kuka ba. Malamin ma'aikata wuƙa ne. In an ce yanka, ya yanka."

Maganar ta taɓa Mamuda a inda ke masa ciwo.

Yana ƙaramin yaro aka ɗebi mahaifinsa zuwa haƙar kuza a Jos, lokacin yaƙi. Bai dawo ba. Ba wanda ya zo daga wurin aikin ya ce ga yadda aka yi. Sai bayan damina wani abokin tafiyarsa ya kawo bargonsa a naɗe, ya ce tari ne ya kama shi, aka ce ba shi da sauran amfani, aka sallame shi, ya cika a hanya. Tun daga ranar Mamuda ke tambayar kansa: duk faɗin wurin nan, ba mutum ɗaya da aikinsa shi ne ya dubi halin da lebura ke ciki? Abin da ya sa ke nan ya bar kujerarsa mai inuwa a ofishin En'e, ya zo ya zauna a rumfar kwano, dangi na ce masa ya zauce.

Ya sassauta murya.

"Ka gafarce ni, Alhaji. Ran da ka ɗauke ni, cewa ka yi in riƙe maka mutane. Ba ka ce in yanka maka su ba. Ka ba ni zuwa la'asar."

Alhaji ya mai da hularsa a ka.

"La'asar," ya ce. "In na dawo na tarar da shebur a ƙasa, ni da bakina zan yi sallamar. Kuma ba ta mutum ɗaya ba."

*

Mamuda bai wuce gidan Baba Hudu kai tsaye ba. Sai da ya tsaya a ɗakin shan magani na Kurfi. Ya iske Malam Ummaru, malamin asibitin, yana tafasa allurai a kan risho. Ya kwashe labari ya faɗa masa, bai ambaci suna ba.

"Akwai magani?"

"Akwai. 'Yan ƙwayoyi ne farare, duk mako muke ba da su, kyauta. Sai dai haƙuri, don shekaru ake yi ana sha."

"Ana warkewa?"

"Cutar na tsayawa. Jijiyar da ta riga ta mutu ba ta dawowa, amma in mutum ya kiyayi wuta da ƙaya da abu mai kaifi, yatsunsa na nan. Kuma wanda ya dage da shan magani, da wuya a ɗauka daga gare shi. Ba yadda mutane ke zato ba ne, wai daga shan moɗa ɗaya an gama."

"To me ke hana mutane zuwa?"

Malam Ummaru ya nuna masa wata tsamiya da baki, can bakin hanyar kasuwa.

"A gindinta ake layi, ranar kasuwa. Duk wanda ya tsaya can da hantsi, kafin azahar gari ya gama sani."

*

Inna Hawwa'u, matar Baba Hudu, ita ta amsa sallamarsa daga tsakar gida.

"Shigo, Malam, ai kai ɗan gida ne. Shina can baya."

Idanunta sun kumbura.

A wata tsohuwar bukka kusa da turken awaki ya same shi. Tsohon na durƙushe yana ƙoƙarin ɗaure ƙunshi da hannu ɗaya da haƙori. Tabarma, buta, riga biyu, da cokalinsa na gini. Hannun da ya ƙone na naɗe da tsumma.

"Baba, ina zuwa?"

"Inda ba a san ni ba."

Mamuda ya miƙa masa hannu. Baba Hudu ya yi maza ya mai da nasa baya.

"A'a, Malam. Daga nan ma gaisuwa ta yi."

Mamuda ya cire takalmi, ya shiga, ya zauna a kan shimfiɗar da ke ƙasa, kafaɗarsa dab da ta tsohon. Baba Hudu ya matsa. Bango ya tare shi.

"Alhaji ya aiko ka ka sallame ni. Faɗi abinka, kar ka ji nauyi. Ni na ma hutar da kai."

"Tun yaushe, Baba?"

Tsohon ya ci gaba da jan ƙullin ƙunshinsa.

"Baba, ba Alhaji ke tambaya ba. Ni ne."

Tsohon ya ja dogon numfashi.

"An kwana biyu. Wani ɗan tabo ne ya fito mani a kafaɗa, na ce ƙyasfi ne. Ya ƙi tahiya. Daga nan yatsun nan suka fara yi mani kamar na wani. Ina riƙe da cokali, sai in duba in ga ya faɗi ban sani ba."

"Me ya sa ba ka faɗa mani ba?"

"In ce maka mi? In ce Malam, ga kuturu cikin mutanenka?" Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ɗiyata Hasana na aure a Dabawa. In surukanta suka ji, kana ganin za ta ƙara kwana a ɗakinta? Ran sunan ɗanta aka miƙo mani jikana, jikana na fari, Malam, na ce hannuna da siminti. Yarinyar nan ta bi ni da ido. Har yau ba ta sake sakin fuska da ni ba."



"Inna fa? Ta sani?"

"Ba ta sani ba. Kuma ina roƙonka, in na tahi, ka ce mata aiki aka tura ni nesa. Na raba kwano da ita. Na baro ɗaki na dawo nan, na ce minsharinta ke hana ni barci. Na yi mata faɗan da ba ta ci ba ba ta sha ba, don dai ta yi nisa da ni. Gara ta ce na ƙi ta, da in shafa mata wannan abu."

"Ashe haka ka raina hankalina."

Su duka suka ɗago.

Inna Hawwa'u ce a bakin bukkar, riƙe da ƙwaryar fura.

"Hawwa'u..."

"Tun bara waccan na sani."

"Kin... kin san mi?"

"Ran da ka dawo daga aiki ƙusa ta huda takalminka ta shige tafin ƙafarka. Takalmi cike da jini, kai kana tambayata ko tuwo ya nuna. Ni na wanke takalmin. Kana zaton ruwa na gani?"

Inna Hawwa'u ta tako cikin bukkar.

"Kunun da kake ta mitar ya faye ɗaci, mi kake zato ke ciki? Sassaƙe ne nake amsowa wurin wata Bafillatana a Kuki. Kana yi mani faɗa ina haɗiyewa, don na san ba kai ba ne, tsoro ne. Kai kana ɓoye mani, ni ina ɓoye maka na sani, don kar kunya ta kashe ka kafin ciwon." Muryarta ta karye. "Yanzu kuma ka ɗaure kaya za ka sulale kamar ɓarawo? Ka bar ni da wa? Mun binne 'ya'ya tare, mun ci yunwa tare, sai wannan ne ba zan iya ɗauka ba?"

Ta dire ƙwaryar, ta kama hannun nan mai tsumma da hannayenta biyu. Ya yi ƙoƙarin fizgewa, ta riƙe gam.

Tsoho ya fashe da kuka, irin kukan da ya daɗe yana neman hanya.

Mamuda ya kau da kai yana kallon awaki. Ya bar su sai da suka yi mai isarsu.

Can ya ce, "Baba, ban zo sallamarka ba. Daga wurin Malam Ummaru nake. Ciwon nan yana da magani."

Ya faɗa masu duk abin da ya ji, bai ƙara ba bai rage ba. Har da cewa abin da ya mutu a yatsun ba zai dawo ba.

Baba Hudu ya girgiza kai. "Gindin tsamiya? Ranar kasuwa? Ni da na gina rabin shagunan kasuwar nan, in tsaya ana nuna ni da baki?"

"Tare za mu tsaya. Duk mako."

"Za a ce kai ma kana da ita."

"Su ce."

"Ni ma zan tsaya," in ji Inna Hawwa'u.

"Hasana fa?"

Mamuda ya dube shi ido cikin ido.

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Leburorinmu da yawa 'yan Dabawa ne, labari ya riga ya kai tun jiya. Ko ka tafi ko ka zauna, surukanta sun ji. Abin da ya rage shi ne me za su ji a gaba. Su ji an ce ubanta ya gudu ya shiga duniya, ko su ji an ce yana shan magani, yana kan aikinsa, ana ba shi girmansa. Wanne ne zai riƙe mata ɗakinta?"

Tsohon ya dubi ƙunshin kayansa.

Inna Hawwa'u ta tura masa ƙwaryar. "Sha. Tun jiya ba ka sa komai a cikinka ba."

Ya ɗebi ludayi biyu ya ajiye. Ta juya za ta ɗauko wa baƙo wani kwano daban, Mamuda ya ce ta bari.

Ya miƙa hannu ya ɗauki ludayin.

Gaskiya ita ce gabansa ya faɗi. Maganar Malam Ummaru na kunnensa, amma tsoron da aka raine shi da shi na cikin jininsa. Ya tuna matarsa Rahmatu, ya tuna 'yar jaririyarsu. Ludayin ya yi masa nauyi kamar guduma.

Ya yi bismilla, ya sha.

Baba Hudu na kallonsa har ya haɗiye.

"Kwance ƙunshin nan, Hawwa'u," ya ce a hankali. "Bar mani cokalin kawai."

*

Rana ta karkata lokacin da keken Mamuda ya gangaro wurin aiki, Baba Hudu a bayansa. Sun biya ta wurin Malam Ummaru an wanke ƙunar, an naɗe ta da farin bandeji.

Leburori suka miƙe suka ja da baya kamar sun ga kura. Motar Alhaji Rabe na gefe, shi kuma yana jingine da ita, ya harɗe hannuwa.

Sodangi ya yi tsalle ya tari gabansu.

"Malam! Sallama muka ce, kai kuma ka goyo mana shi?"

Mamuda bai ɗaga murya ba.

"Ku saurare ni, sannan kowa ya yi abin da ya ga dama. Abin da kuka gani jiya gaskiya ne, Baba bai musa ba. Zai fara shan magani ran kasuwa, ni zan raka shi. Daga yau ba zai taɓa wuta ko abu mai kaifi ba. Zai zauna a kan gini, idonsa da bakinsa su yi aiki, hannuwanku su aza dutse. Zai zo da moɗarsa daga gida, don hankalinku ya kwanta. Gobe da safe Malam Ummaru zai zo nan, kowa ya tambaye shi abin da ke ransa."

"In mun ƙi fa?" in ji wani.

"Wanda ya ji ba zai iya ba, ya same ni ni kaɗai a rumfa. Zan nema masa wani ɓangaren hanyar, kuma ba zan riƙe shi a zuci ba. Amma ku ji wannan da kyau. Yau Baba Hudu ne. Gobe in ɗayanku ne ciwo ya kama, kowane irin ciwo, haka zan tsaya masa. Ba zan bari a watsar da shi a hanya ba, ko da kujerata za ta tafi."

Ba wanda ya motsa. Iska mai ɗumi ta taso daga gabas, tana ƙamshin ruwa.

Sai Ɗanjuma ya fito daga cikin mutane. Ya je ya ɗauki sheburinsa, ya tsaya gaban tsohon.

"Baba, daga wane gefe za mu fara?"

Baba Hudu ya share ido da gefen rawani. "Daga hagu, ɗana. Ginin can bai gama kamawa ba."

Wani ya bi bayan Ɗanjuma. Wani ma ya bi. Wasu suka tsaya suna gunaguni, suka ga an bar su, suka ja ƙafa suka tafi. Mutum biyu suka saɓa rigunansu suka kama hanyar gida, ba su waiwayo ba.

"Ku je ku kashe kanku!" Sodangi ya daka masu tsawa. Amma muryar ba irin tasa ba ce. Ta fito a shaƙe.

Alhaji Rabe ya tako har inda Mamuda yake. Ya yi magana yadda na kusa za su ji.

"Ka yi sa'a ba ni da magini kamarsa, ga hadari a kaina. Na bar shi. Amma ka ji sharaɗina gaban shaidu. Ran da aka ga ko ɗigon tabo a jikin wani a wurin nan, kowa zai ce Hudu ne ya shafa masa, kuma ba zan musa ba. Ranar zai tafi, kai ma ka bi shi. Zariya kuma ka manta da ita. Ka yarda?"

"Na yarda, Alhaji."

"Allah ya sa kar ka yi da-na-sani."

Alhaji ya wuce can gaba duba tulin tsakuwa.

Mamuda ya ɗauko buta. Ya yi alwala ya yi la'asar a bayan rumfa. Yana sallamewa ya ji ƙarar shebur da muryar Baba Hudu na cewa "Ɗaga kaɗan, sauke, yawwa," ya ji wani sanyi ya ratsa ƙirjinsa.

Yana naɗe buzunsa, inuwar mutum ta rufe shi.

Sodangi ne.

"Malam, zo ka ga wata ɓaraka a ƙarƙashin kwalbati."

"Ɓaraka? Ai Baba ya kamata ka kira."

"Kai nake so ka gani."

Mamuda ya bi shi. Suka gangara cikin busasshen rafin, suka sunkuya suka shiga ƙarƙashin ginin. Wurin da sanyi, ga ƙarar masu aiki a bisa kansu. Ya bi bangon da ido daga wannan gefe zuwa wancan.

"Ina ɓarakar?"

Sodangi bai nuna komai ba. Zufa na tsiyaya daga goshinsa.

"Maganar da ka yi ɗazu... da gaske kake?"

"Wace magana?"

"Da ka ce in ɗayanmu ne."



"Heluma, me ke faruwa?"

Sodangi ya juya masa baya. Ya kama gefen rigarsa, ya ɗage ta a hankali har kafaɗa.

A tsakiyar bayansa, ƙasa da allon kafaɗa, ga wani tabo nan mai faɗin tafin hannu. Ya fi sauran fatar haske, gefensa ya ɗan tasa. Duk bayan ya jiƙe da zufa sharkaf, ban da wurin. Shi a bushe yake.

"Maiɗakina ta ce ƙyasfi ne," ya ce, murya can ƙasa. "Tun kaka yake nan. Jiya da na ga hannun Hudu, na koma gida na ba ta allura, na ce ta soka mani a wurin. Ina ta jira. Na ce mata, soka mana, mi kike jira?"

Ya haɗiyi yawu.

"Ta ce, ai na soka. Ga jini nan."

Mamuda ya dafa bango.

"Na zaci in ya tahi, ido zai bar wurin nan," in ji Sodangi. "'Ya'yana ƙanana ne, Malam. Don Allah, don Annabi, ka ce mani ƙyasfi ne."

Kafin Mamuda ya buɗe baki, tsakuwa ta gangaro daga bakin rafin. Takun takalmi na saukowa.

"Mamuda!" Muryar Alhaji Rabe ce. "An ce mani kun ga ɓaraka a ƙasa. Ku tsaya nan, ga ni nan in gani da idona."